GIGIN TSUFA DA MAGANIN DA AKE CIROWA DAGA TABAR WIWI: ABIN DA GWAJI YA NUNA DA ABIN DA SHARI'A TA CE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 

Tambaya ɗaya ce ta yi ta shigowa a 'yan kwanakin nan, daga nan Watari, daga Bagwai, Bichi, Tsanyawa, har da cikin birni. An ce akwai saƙon murya da ke yawo a waya, wai likitocin Turai sun tabbatar tabar wiwi tana maganin gigin tsufa. Shi ne ake tambaya: "Malam, tsohonmu ya rikice, ba ya barci, ya hana kowa barci. Ya halatta mu ɗan dafa ganyen a shayi, ko mu sa masa a kunu?"

Ga amsa tun daga farko, saboda wanda ba zai samu damar karantawa har ƙarshe ba: bai halatta ba, kuma yana iya zama ajalin tsohon. Amma fa maganar gwajin tana da tushe. Rabin magana aka ɗauko aka bar rabi. To yau da yardar Allah za mu kawo ta gaba ɗaya, ku karanta a natse.

*1. MENE NE GIGIN TSUFA?*

Mantuwa irin ta kowa daban, gigin tsufa daban. Ka ajiye carbi ka manta inda ka sa shi, wannan kowa na yi. Amma dattijo ya idar da sallar azahar ya tashi ya sake, ya sake, ko tsohuwa ta dubi ɗan da ta haifa ta ce "wane ne wannan baƙon?", ko mutum ya fita gonar da ya shekara hamsin yana nomawa ya kasa gane hanyar gida, to wannan cuta ce a cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ne ke mutuwa sannu a hankali.

Allah Maɗaukaki Ya ba mu labarin wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda Ya bayyana cewa a cikin mutane akwai wanda ake jinkirta wa har ya kai matakin rayuwa mafi rauni, ya koma bai san komai ba bayan ya taɓa sani. Kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yana neman tsarin Allah daga kai wa wannan mataki. Kun ga kenan abu ne da addini ya san da shi tuntuni. Jarrabawa ce, kamar makanta, kamar shanyewar jiki.

A likitance, nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Alzheimer, sunan wani likita Bajamushe da ya fara bayaninsa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari wannan nau'in ne. Nau'i na biyu yana zuwa ne ta hanyar toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga ke jawowa. A nan Arewa ma an bincika: wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya samu kusan mutum 3 cikin kowane tsofaffi 100 da wannan lalura.

Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Wannan ya yi daidai da hadisin Usamatu bin Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umarci a nemi magani, ya kuma sanar cewa kowace cuta tana da magani in ban da tsufa. Duk wanda ya ce muku yana da garin da zai dawo wa tsoho da ƙwaƙwalwarsa kamar ta saurayi, kuɗinku yake nema.

*2. ABIN DA YA FI WAHALAR DA IYALI*

Waɗanda ke jinya sun san ba mantuwar ce ta fi ciwo ba. Rikicewar ce. Tsoho ya yi ta zirga-zirga a tsakar gida cikin dare, ya yi ta kiran matarsa da ta rasu shekara goma, ya ce an sace masa kuɗi, ya zagi surukar da ke masa wanka, wani lokaci har ya kai duka. Mutumin da a da ko ƙuda ba ya iya kashewa. Mafi yawa abin yana tsananta ne daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, shi ya sa mutanenmu ke saurin cewa aljanu ne. Likitoci sun san wannan lokaci sarai: haske ya ragu, ido ya yi rauni, gajiya ta taru, inuwa ta fara kama da mutum, sai tsoro ya kama shi.

Magungunan da asibiti ke da su don kwantar da irin wannan rikicewa suna da nasu haɗari. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa magungunan taɓin hankali suna ƙara yawan mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa. Sai a watan Mayu 2023 ta amince da magani na farko musamman don wannan rikicewa, mai suna Rexulti, shi ma da wancan gargaɗin a jikin kwalinsa. Wannan ƙarancin magani shi ya sa masu bincike suka waiwayi sinadaran da ke cikin wiwi.

*3. ME KE CIKIN WIWI?*

Ganyen wiwi yana ɗauke da sinadarai masu yawan gaske, amma biyu aka fi sani. Na farko THC, shi ne mai bugarwa, mai juya hankali. An fara tace shi a 1964. Na biyu CBD, shi ba ya bugarwa. Daga waɗannan ne kamfanoni suka haɗa magunguna masu awo. Dronabinol da nabilone, waɗanda a ɗakin bincike ake haɗa su su yi kama da THC, an amince da su a Amurka tun 1985 don tsayar da amai ga masu shan maganin ciwon daji. Epidiolex, wanda CBD ne, an amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. Sativex kuma feshi ne na baki da ake ba masu wata cutar jijiya a Ingila.

Bari in kawo muku misali daga bayan gidanmu. Zaƙami kowa ya san shi, har ana masa laƙabi da haukata yaro. A cikinsa akwai sinadarai irin waɗanda likitoci ke amfani da su a ɗakin tiyata da asibitin ido, da awo ɗan mitsitsi. Shin don haka sai mutum ya tsinko 'ya'yan zaƙami ya jiƙa wa mahaifiyarsa? Wanda ya yi haka kowa zai ce kisa ya yi niyya. To haka abin yake tsakanin ƙwayar da aka auna a miligiram da ganyen da ake sayarwa a ƙulle a bayan tasha.

*4. YADDA AKE GWAJIN, DA ABIN DA AKA SAMU*

Manoman Watari ba baƙon gonar gwaji ba ne a wurinsu. Idan malamin gona ya kawo sabon irin shinkafa, ba a cika fadama da shi a shekarar farko. Ana raba fili biyu: nan sabon iri, nan tsohon iri, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, ranar shuka ɗaya. Sai ranar girbi a auna buhu. Haka ake gwada magani. A raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗaya kashin a ba su ƙwayar wofi mai kama da shi, wadda babu komai a cikinta. Majinyaci bai san wadda ya sha ba, mai jinya bai sani ba, likitan da ke aunawa ma bai sani ba, sai an gama. Dalili kuwa, ɗan Adam in ya sa rai sai ya ga sauƙi ko da babu.

Ga huɗu daga cikin gwaje-gwajen da aka yi:

• *Holan, 2015:* mutum 50, an ba su THC miligiram ɗaya da rabi sau uku a rana har mako uku. Sakamako: babu bambanci tsakanin waɗanda suka sha maganin da waɗanda suka sha ƙwayar wofi.

• *Kanada, 2019:* a asibitin Sunnybrook da ke Toronto, mutum 39 masu Alzheimer, an gwada nabilone mako shida. Rikicewa ta ragu. Amma kashi 45 cikin ɗari sun yi ta gyangyaɗi da kasala lokacin da suke kan maganin, alhali kashi 16 ne kawai suka yi haka a kan ƙwayar wofi.

• *Isra'ila, 2022:* mutum 60, mako 16, an ba su wani mai wanda CBD ɗin cikinsa ya ninka THC kusan sau 30. An ga sauƙi a wajen da yawa daga cikinsu.

• *Amurka, 2024:* jami'o'in Johns Hopkins da Tufts, mutum 75, dronabinol miligiram 5 sau biyu a rana har mako uku. Sun ba da rahoton raguwar rikicewa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wannan shi ne labarin da ya fi yaɗuwa.

A Landan ma jami'ar King's College ta gwada feshin Sativex a gidajen kula da tsofaffi, a kan mutane kaɗan, don a ga ko babban gwaji zai yiwu.

Yanzu ku lissafa da ni. 50 da 39 da 60 da 75, mutum 224 kenan. Ba za su cika masallacin Juma'ar ƙauye ba. Ɗaya ya ce babu amfani, uku sun ce akwai ɗan amfani, ɗaya daga cikin ukun ya zo da yawan barci. Mafi tsawo a cikinsu wata huɗu bai cika ba, alhali cutar tana ɗaukar shekaru. Ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su tace shi, sun duba gwaje-gwaje huɗu na mutum 126 a 2021, suka ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Kuma ko a inda aka ga sauƙi, rikicewar ce ta ɗan lafa. Mantuwar tana nan, cutar tana ci gaba.

Abu na ƙarshe a nan, kuma shi ne mafi muhimmanci: a duk waɗannan gwaje-gwaje babu inda aka ba tsoho ganye ya sha a shayi ko ya busa. Awo ne na miligiram, likita na tsaye, ana duba hawan jini, ana duba bugun zuciya, in an ga matsala a tsayar nan take.

*5. MU KANAWA MUN SAN ZAFIN GWAJI*

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin IDH na Kano, a gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Raɗaɗin wannan abu yana cikin dalilan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a 2003.

Me ya sa na kawo wannan? Abin da ya ƙona mana rai a lokacin shi ne an gwada abu a jikin wanda ba zai iya cewa na yarda ko ban yarda ba. To tsoho mai gigi shi ma haka yake. Shi ya sa a gwaje-gwajen da na lissafa sai an nemi izinin waliyyinsa a rubuce, sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince. Wanda ya zuba wa mahaifinsa wiwi a kunu a ɓoye, gwaji ya yi a jikinsa, ba izini, ba awo, ba likita. Abin da muka ƙi a yi wa 'ya'yanmu, kada mu yi wa iyayenmu da hannunmu.

*6. ABIN DA GANYEN ZAI YI WA TSOHO*

Ganye ba shi da awo. Ƙulli biyu daga hannun mutum ɗaya, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, balle yanzu da ake gauraya shi da wasu abubuwa. Idan aka ci shi a abinci ko aka sha a shayi yana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki, sai mai bayarwa ya ga kamar bai yi ba ya ƙara, daga nan ya zo gaba ɗaya, ya daɗe bai sake shi ba. Jikin tsoho kuma ba ya fitar da magani da wuri kamar na yaro.

Abin da ke biyo baya: jiri da faɗuwa, karayar ƙugu wadda tsoho da yawa ba ya tashi daga ita, saurin bugun zuciya ga mai hawan jini, gane-gane da tsoro, wato rikicewar da ake gudu ta ninku, barci mai nauyi har abinci ko ruwa ya sarƙe shi ya shiga huhu. Garin neman gira a rasa ido kenan.

*7. HUKUNCIN SHARI'A*

Malamanmu sun san wiwi tuntuni da sunan hashisha. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai na Andalus wanda ya rasu a 646 bayan Hijira, ya gan ta a Masar, ya yi bayanin yadda take lalata hankalin masu yawan cin ta. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a 684, a littafinsa Alfuruƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye, mai ɓata hankali, da mai sa barci har ji da gani su ɗauke. Ya sa hashisha cikin masu ɓata hankali. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya fi tsanantawa, ya ce maye take sawa, hukuncinta hukuncin giya. Sun saɓa a kan haddi da najasa, amma sun haɗu a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali daga cikinta.

Game da magani kuma, Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ bin Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) kan giya da yake haɗawa don magani, aka sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Wannan ya rufe ƙofar giya. Amma abubuwa masu sa barci ko kashe zafi, malamai sun yi rangwame a kansu lokacin lalura. Imamun Nawawi ya ambaci halaccin gusar da hankalin wanda za a yanke wa gaɓar da ta ruɓe. A kan wannan ne muke yarda da allurar barci a ɗakin tiyata. Sharuɗɗan da malamai suka gindaya su ne:

1. A samu buƙata ta gaskiya.
2. A rasa halattaccen abin da zai maye gurbinsa.
3. Likita masani, amintacce, shi ne zai rubuta.
4. A tsaya a kan gwargwadon buƙata.

To idan wata rana bincike ya kammala, NAFDAC ta yi wa irin wannan magani rajista, likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta wa tsohonka da awo, ƙofar lalura a buɗe take, kuma ba za mu ce wa kowa ya yi haram ba. Maroko, ƙasar Malikiyya irinmu, ta yi dokar noman wiwi don magani a 2021 a ƙarƙashin tsaron hukuma. Amma ganyen bayan tasha bai cika ko sharaɗi ɗaya cikin na biyu, na uku da na huɗu ba.

Sannan akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Shi tsohon babu zunubi a kansa, an ɗauke masa alƙalami. Zunubin da alhakin na mai zubawa ne. Ina kira ga 'yan uwana masu sana'ar magani: duk wanda ke cusa wiwi a cikin haɗin "maganin barci" ko "maganin natsuwa" yana sayarwa ba tare da ya faɗa ba, ya ji tsoron Allah. Ha'inci ne, kuma yana zubar mana da mutuncin sana'a.

*8. DOKAR ƘASA*

A Nijeriya noma wiwi, sayar da ita da mallakarta laifi ne, a ƙarƙashin dokar 1966, kuma NDLEA da aka kafa a 1989 tana kamawa a kai. A Disamba 2020 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'ar sassauta matsayin wiwi saboda magani, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka ƙi. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a ƙasar nan. Ku duba unguwanninmu ku gani. Ranar da aka shigo da ita gida da sunan maganin Kaka, wane baki uba zai samu ya hana ɗansa? Sannan kwalaben "man CBD" da ake tallatawa a Facebook da TikTok, ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki. Ku bar su.

*9. TO ME ZA A YI WA TSOHON?*

Rikicewa sau da yawa magana ce. Tsohon yana da damuwa, harshe ya kasa faɗa, sai jiki ya faɗa. Kafin a nemi abin sa barci, a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

*Ciwo.* A duba haƙori, gwiwa, baya, gyambon kwanciya, ƙaya ko tsagewa a ƙafa. A lura ko yana yamutsa fuska idan an taɓa wani wuri.

*Fitsari da bayan gida.* Kwana nawa rabonsa da bayan gida? Fitsarin yana fita, ko yana ɗiga mara ta kumbura? Yana wari ko zafi? Riƙewar fitsari ga dattawa maza, da cutar mafitsara ga mata, suna cikin manyan abubuwan da ke rikita tsoho.

*Ƙishirwa da yunwa.* Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, musamman a bazara. A riƙa miƙa masa ruwa kaɗan-kaɗan ba sai ya nema ba.

*Zazzaɓi.* A gwada maleriya, a auna suga da hawan jini.

*Magungunan kemis.* Valium, Piriton, Exol, tiramol da maganin tari mai sa barci duk suna ƙara ruɗa tsoho. A tattara duk abin da yake sha, har na gargajiya, a kai wa likita ya gani.

*Ido da kunne.* Yanar ido da dattin kunne suna sa ya ga abin da babu, ya ji abin da ba a faɗa ba.

Idan rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, wannan na gaggawa ne. A tafi asibiti a ranar. Don ganin likitan ƙwaƙwalwa akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin an ce Baba mahaukaci ne.

A gida kuma:

• A kunna masa fitila tun kafin magariba, a rage hayaniyar yara da rediyo a lokacin.
• Ya sha hantsi da safe, ya ɗan taka. A rage masa barcin rana, a hana shi goro da shayi mai ƙarfi daga la'asar.
• Kada a canja masa ɗaki ko shimfiɗa ba dalili. Lokacin abinci ɗaya, lokacin wanka ɗaya.
• Kada a yi musu da shi. In ya ce zai tafi gona da dare, kada a ce "Baba ai ka daina noma." A ce "To Baba, bari a sha kunu tukuna," a zauna da shi har abin ya wuce. In ta tambayi mijinta da ya rasu, ba sai an sabunta mata mutuwar kullum ba, a ce "Inna, ba mu labarinsa."
• A ba hannunsa aiki: ɓarar gyaɗa, tsintar wake, jan carbi, kaɗa zare ga wadda ta saba.
• A sa masa karatun Alƙur'ani a hankali, musamman surorin da ya haddace tun yana makarantar allo. Abin da aka koya da ƙuruciya shi ne ke ƙarshen fita. A yi masa ruƙya da addu'o'in da suka tabbata, da tausasawa. Ban da duka, ban da turnuƙe shi da hayaƙi, ban da ɗaure shi a turke.
• Talbina, wato kunun sha'ir da madara da zuma, wadda Nana A'isha (RA) ta ruwaito falalarta ga zuciyar mara lafiya a Bukhari da Muslim, abinci ne mai laushi da ya dace da tsoho. Mai ciwon suga a rage masa zumar. A shafa masa man zaitun a ƙafa da baya kafin barci. Waɗannan don natsuwa ne da ƙarfin jiki, ban ce suna warkar da cutar ba.
• Mu da ke kusa da dam da magudanan ban ruwa, a kula ƙwarai. A rufe rijiya, a sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, a ɗinka masa takarda mai sunan gari da lambar waya a aljihu. A sanar da mai unguwa da maƙwabta halin da yake ciki.

Wata magana mai nauyi: tsohuwar da ke surutai, tana kiran sunayen matattu, tana fita da dare, ba mayya ba ce. Mara lafiya ce. Jifanta da maita zalunci ne da Allah zai tambaya.

Game da ibada, wanda hankalinsa ya gushe babu salla a kansa, babu azumi, ba a kuma ciyarwa a madadinsa. In yana dawowa hayyacinsa wani lokaci, ya yi sallar wannan lokacin. In ya yi salla raka'a bakwai ko ba alwala, a ƙyale shi, kada a tsawata. Zakkar dukiyarsa kuwa, a mazhabar Malik, waliyyinsa zai fitar.

*10. GA MASU JINYA*

Na san mafi yawan masu wannan tambaya ba mugunta ce ta sa su ba. Gajiya ce. Mace ɗaya, ga goyo, ga girki, ga surukar da ba ta barci, wata shida ba ta yi barcin kirki ba. Ku maza, ku 'ya'yan da ke birni, aiko da kuɗi kawai bai sauke muku nauyi ba. A raba kwana. Wannan ya kwana da Baba yau, wancan gobe. A ba mai jinya hutu ta je gidansu ta huta. Suratul Isra'i aya ta 23 da 24 da ta hana mu nuna wa iyaye ko da ƙosawa, ta ambaci lokacin tsufansu ne musamman, domin Allah Ya san lokacin ne haƙuri ke ƙarewa. Umarnin kuma a kan 'ya'ya yake tun kafin surukai.

Ku tura wannan darasi ga duk wanda kuka san yana jinyar tsoho, da duk zauren da kuka ga wancan saƙon murya ya shiga. Mai tambaya ya turo a rubuce, ya faɗi shekarun mara lafiya da magungunan da yake sha, ba sai ya faɗi suna ba. Darasi mai zuwa in Allah Ya kai mu: hawan jini, da yadda kula da shi tun ana shekara arba'in ke kare ƙwaƙwalwa a tsufa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, Ya saka wa masu jinya da Aljanna, Ya bar mu da hankalinmu da imaninmu har ranar da za mu koma gare Shi. Amin.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.